Naman Kazar da Ya Nufi Bakin Ruwa

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma wallahi abin nan ya faru da ni, a wani ƙauye kusa da Wara, daminar da aka yanke jiharmu daga Sakkwato.

Maigidana masunci ne. Ya fita tafki da safe, da la'asar aka jawo kwalekwalensa babu kowa ciki. Aka yi nema har aka gaji, aka yi masa salla ba gawa, na shiga takaba. Ni abin da ke ci na ke nan: mutum kamar Malam, a ce ba shi da kabari!

To, wata safiya na fito, sai ga naman kaza fari fat ya tsiro a bakin ƙofar ɗakinsa, kan daɓe, inda babu suri babu ruɓaɓɓen icce. Kowanne ya buɗe laimarsa ya karkata ta wajen tafki. Na leƙa ƙarƙashin guda, wata ƙura mai laushi ta zubo mini a hannu, na shinshina, Allah shi ne shaida, warin rigarsa ne, hayaƙin banda da gumi.

Maƙwabciyata, wata tsohuwa Bakambara, ta duba ta ce, "'Yar nan, kar ki tsinka. Wannan ba na miya ba ne, hanya ake nuna miki."

Haka kuwa. Na jiya ya yanƙwane, na yau ya fito gaba da shi, ya fita zaure, ya bi gefen gonar gero, kullum yana ƙara matsawa wajen ruwa. Ni kuwa takaba ta ɗaure ni, iyakata zaure. Na roƙi ƙanen Malam, Ɗanjuma, na ce, "Don Allah ka bi shi ka ga inda zai tsaya."

Ya ce, "Haba Yaya! Laimar kwaɗi za mu bi? So kike a ce gidanmu ana tsafi?"

Na ce, "To ni bar ni in je."

"Mai takaba? Ki kunyata mu a gari?"

Ya ɗauki fartanya, ina tsaye ina ihu, ya bi layin nan yana kankarewa har ƙarshensa. Ya dawo ƙafar wandonsa sharkaf da ruwa har gwiwa, alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba, kuma layin bai kai bakin tafki ba. Na tambaye shi me ya gani, ya juya ya tafi. Har ya mutu bai faɗa ba, bai kuma sake shiga jirgi ba. An ce in yafe masa. Ban yafe ba!

Naman kazar bai ƙara fitowa ba. Malam yana can inda yake, ni ban san inda zan durƙusa in yi masa addu'a ba.

Ku da za ku karanta, in kun ga abu ya tsiro inda bai saba tsirowa ba, kada ku yi saurin sa masa fartanya. Ku fara tambaya ko gidan akwai wanda ba a binne ba.