Tarihin Dogo Direba, Wanda Aka Saba da Shirunsa

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi marigayi Dogo a shekarar 1976, a wani ƙaramin gari da ke bakin babbar hanya. Mahaifinsa mai facin taya ne, mahaifiyarsa ungozoma. Da uban ya rasu a 1989, sai Dogo ya ajiye makaranta ya zama yaron mota, domin ƙanensa ya ci gaba da karatu.

Aurensa da Aikinsa

A 2001 ya auri 'yar wani tela, mace mai haƙuri da barkwanci. Bayan shekara uku wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi direba, yana kai ma'aikatan jinya ƙauyukan da rikici ya ɗaiɗaita. A 2010 shi da kansa ya roƙa aka ɗauki ƙanen nasa, aka sa shi a ɗakin oba-oba, wato rediyon kiran direbobi, inda ake bibiyar motocin da suka fita. Ƙa'idar ita ce kowane direba ya amsa kira a duk garin da ya isa, in aka ji shiru a tashi nemansa.

Tun daga nan wani abu ya tsaya wa Dogo a rai. Ya dawo fuska duk ƙura, ya tarar da yaron da ya goya yana juyi a kujera cikin sanyin esi, manya suna ce masa Malam. Matarsa kan ce, "Maigida, ko kujerar za mu sato maka ne?" Ba ya dariya.

Sai ya ɗauki ɗabi'ar ƙin amsa kira, yana jin oba-oba tana kuka ya ƙyale ta.

Ƙanen kan ce, "Yaya, don Allah ka riƙa amsawa, hankalina tashi yake."

"Ya tashi mana, ko ka yi gumi sau ɗaya a aikin nan."

Ƙanen bai taɓa kai ƙararsa ba, saboda nauyin yayansa da yake ji. Kullum rufa masa asiri yake, har kowa a ofis ya saba.

Rasuwarsa

A daminar 2019 ya fita da wata ma'aikaciyar jinya, 'yan bindiga suka buɗe wa motar wuta. Harsashi ya fasa oba-obar, wani ya same shi a cinya, amma ya ja motar har suka kuɓuta, sannan ƙarfinsa ya ƙare a daji. Ƙanen ya yi ta kira, shiru. Da shugabar ofis ta tambaya, ya ce, "Ranki ya daɗe, halinsa ne, zai amsa." Ba a tura mota ba sai bayan la'asar. Aka same su ma'aikaciyar tana danne da raunin da mayafinta, ya cika kafin a isa asibiti.

Jana'izarsa da Iyalinsa

Washegari da safe aka yi masa sutura, ƙanen ne ya shiga kabari ya karɓe shi, bai kuma sake komawa ɗakin oba-oba ba. Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Babba, mai koyon kanikanci, da 'yan biyu mata, da Auta, wanda aka haifa bayan rasuwar, baffansa ya yi masa huɗuba. Allah ya yafe masa, ya sanyaya zuciyar ƙanensa.