Mama Tabitha, wa zai yi wa likitoci bayanin Diana?

Ranar Litinin, 3 ga Maris, 2025, ina shagona a Sabon Gari ina goge katako aka kira ni cewa Dokta Tabitha Sati ta rasu a gidanta na Samaru. Wayyo Mama! Zama na yi cikin garin katako.

Ni ne Japheth, kafintan da ya yi miki kantocin littattafai. Ina cikin aikin na gaya miki mahaifina da yayata Clara duk a ɗakin tiyata suka mutu, jiki ya sandare, zazzaɓi ya hau nan take. Danginmu sun gama cewa baki aka yi mana. Kika ce, "Kai Japheth, ajiye gudumar nan ka zauna."

Kika karɓi fensirina kika yi zane a kan guntun katako. Kika ce cikin ƙwayoyin tsokar mutum akwai rumbun sinadarin kalsiyam, da 'yan ƙofofin furotin masu buɗewa su sake shi in tsoka za ta motsa, su rufe in ta gama. Shekara ashirin kina nazarinsu a jami'a. A wasu iyalai, in an shaƙa musu wata iskar sa barci, ƙofar takan ƙi rufuwa kamar lalataccen famfo. "Ina zaton gado ne, ba baki ba," in ji ki. "Kuma akwai maganin barcin da ba ya taɓa ƙofar." Ranar na yi kuka a gabanki, ƙato da ni.

Yanzu ga Diana, 'yata tilo, za a yi mata aiki a ƙugu ranar Alhamis mai zuwa. Kin ce da ƙafarki za ki je ki sami likitocin, don ke ba ki aike, zuwa kike yi. Matata ta matsa in karɓo bayanin a rubuce. Kunya ta hana ni. Yaya zan ce wa babba kamarki ta ba ni takarda, sai ka ce ban yarda da maganarta ba? Katakon da kika yi zanen a kai ma na yanke shi tuni na sa a kujera.

Jiya na je asibiti na yi ta zancen ƙofa da famfo. Likitan ya saurare ni da haƙuri, sannan ya ce, "Baba, mene ne sunan ciwon?" Mama, ban sani ba. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai.

Allah ya ji ƙanki, ya karɓe ki cikin mulkinsa. Baba Mordecai, maigidan Mama, da 'ya'ya, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ku gafarta mini da na kawo kukana cikin naku.

Ɗalibanta kuma, ina roƙonku don girman Allah, wanda duk ya zauna a ajinta ya san sunan ciwon nan, ya zo asibiti ya faɗa wa likitocin da bakinsa. Ƙarfe takwas na safe za a shiga da yarinyar.