Ranar da Waya Ta Kwanta a Cikin Kwamfutar Makarantarmu

Wata Laraba ce a tsakiyar bazara, ina aji biyu na ƙaramar sakandare, ni da ƙawata Ladi muka rungumi monitar kwamfutar makarantarmu, irin mai ƙaton ƙeyar nan, muka kwantar da ita a kan gefenta. Zufa na ɗiga daga haɓata zuwa kan tebur, Ladi ta cije leɓe saboda nauyi, wayoyin baya sun miƙe kamar za su tsinke. Muka karkata wuya muna leƙen ko hoton da ke ciki ya juya. Bai juya ba. A haka Malam Garba, malaminmu na kwamfuta, ya dawo daga sallar azahar ya turo ƙofa. Ya tsaya da buta a hannu, ya dube mu, ya dubi monitar, sannan ya ce, "Mi nika gani haka?"

Gidanmu a unguwar Badariya yake, katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan su Ladi, mutanen Filato ne da aiki ya kawo mahaifinsu Birnin Kebbi tun kafin a haife mu. Idan bazara ta yi, tsakar gidanmu kan cika da albasar da Baba yake kwasowa daga gonarsa ta Augie, a baza ta ƙarƙashin rumfa har babu wurin sa ƙafa. Aikina ne da na dawo makaranta in juya ta, in tsince ruɓaɓɓu, sannan in ɗebo ruwa in yi wanke-wanke. Ladi takan shigo ta taya ni don mu gama da wuri mu samu lokacin carafke, idanunmu na hawaye saboda yajin albasa, muna dariya muna sharewa da gefen zane.

Yayan Ladi, Bulus, yana karatun kwamfuta a wata babbar makaranta. A wani hutu ya zo da wayar shafa, ya zaunar da mu a gindin dogon yaron ƙofar gidansu ya nuna mana wata 'yar manhaja ta gwaji da suka haɗa a ajinsu. Babu komai cikinta sai hoton kwalekwale a kan ruwa da wasu maɓallai a ƙasa. In ya tsayar da wayar, kwalekwalen na zaune daidai. In ya kwantar da ita, sai hoton ya yi wuf ya juya, ya sake zama daidai. Akwai kuma maɓallin da in ya taɓa, sai hoton ya kafe, ko kife wayar aka yi ba zai motsa ba. Muka yi ta karɓa muna juyawa har caji ya ƙare. Na tambaye shi yadda waya ta san an juya ta, sai ya yi murmushi ya ce akwai wani ɗan abu a cikinta da ke jin karkata.

Da muka koma makaranta aka sanar da ranar baje koli, kowane aji zai nuna wa iyaye abin da ya iya, waɗanda suka yi fice kuma za a kai su Argungu su haɗu da wasu makarantu. A al'adar makarantarmu, maza ake kaiwa ɗakin kwamfuta a irin wannan rana, mu mata a ba mu tebur na saƙa da ɗinki. Ni kuwa ko zare ban iya zurawa a allura ba sai na yi gumi. Muka je wurin Malam Garba muka ce muna son mu nuna kwalekwalen Bulus. Ya ce ai mun san doka, wayar da duk ta shigo makaranta a ofishin shugaba take kwana, ko ta malami ce ba a fito da ita gaban ɗalibai. Muka koma gida jiki a sanyaye. Bulus ne ya ce akwai mafita: akwai manhajar da ke sa kwamfuta ta yi kwaikwayon waya. Ya zuba mana ita tare da tasa a filash, ya nuna mana yadda ake sakawa, washegari ya koma makarantarsa.

Malam Garba ya yarda mu riƙa tsayawa bayan an tashi. Inna ce ba ta ji daɗi ba. "Albasa ba ta jiran kwamfuta," in ji ta, sai da na yi alkawarin juya ta da sassafe kafin in tafi. Kwamfutar kuwa tsohuwa ce, in ka kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe. Rana ta farko ana cikin sakawa aka ɗauke wuta. Rana ta biyu ma haka. Daga baya dai ta shiga, muka danna, muka zauna muna kallon baƙin allo har Ladi ta fara gyangyaɗi. Can sai ga waya siririya ta bayyana tsaye a tsakiyar monita, da agogonta da komai. Muka buɗe manhajar Bulus, ga kwalekwale. Muka yi tsalle muka tafa. Sai murna ta koma ciki, don abin da muke son nunawa shi ne juyawa, kuma ba mu ga yadda za a kama wayar da ke cikin gilashi a kwantar da ita ba. Abin da ya kai mu ga rungumar monita ke nan.

Malam Garba bai doke mu ba. Ya ajiye buta, ya taya mu miƙar da monitar a hankali, ya duba wayoyin baya. Ya ce shi ma bai taɓa aiki da irin wannan manhaja ba, amma ba zai bari mu fasa wa makaranta kaya ba. "Gobe ita ce ta ƙarshe. In bai yi ba, ku koma teburin ɗinki." Da yamma muka roƙi maman Ladi ta kira mana Bulus, lambarsa ba ta shiga.

Washegari da sassafe ina durƙushe cikin albasa sai maganar Bulus ta dawo mini, ɗan abin nan da ke jin karkata. Na tuna lokacin da ake ƙetarar da mu gulbi a kwalekwale in mun je wurin kakata a Argungu. Tsoro kan sa in rufe ido, amma ko idona a rufe ina jin duk lokacin da jirgin ya karkata. To ashe waya tana da irin wannan ji, kwamfuta kuwa ba ta da shi, don ba a yi ta don a riƙa juya ta ba. Ko mun ɗaga ta sama mun kife ba za ta sani ba. Sai dai a gaya mata. Na leƙa ta katanga na kira Ladi, tana goge haƙora, na faɗa mata. Ta tofar da kumfa ta ce, "To da wane baki za mu gaya mata?"

Ranar ba mu taɓa monita ba. Muka bi 'yan alamomin da ke jere a gefen wayar nan ta cikin allo, waɗanda da ba mu kula da su ba. Mawus ɗin, wato linzamin kwamfutar, yana cijewa, sai Ladi ta buɗe cikinsa ta hure ƙura. Alama ta farko ta ƙara sauti, wata ta kashe wayar gaba ɗaya, muka sake zaman jira kamar za mu yi kuka. Da ta dawo, na ga wata alama mai hoton 'yar waya da kibiya a lanƙwashe. Na ce bismillah na danna. Kwamfutar ta yi gurnani, wayar ta kwanta a kan gefenta, kwalekwalen ya yi ɗan jim yana tsaye a kan hanci, sai ya juya ya zauna daidai a kan ruwa. Ihun da muka yi ya sa mai gadi ya rugo da sanda. Malam Garba ya ja kujera ya zauna, ya ce mu sake. Muka sake. Ya ce shi ma a ba shi ya danna.

Ranar baje koli ɗakin ya cika da iyaye har tagogi. Aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba, amma Malam ya riga ya roƙo janareta. Ladi na dannawa, ni ina bayani. Na ce musu wannan waya ce ta kwaikwayo a cikin kwamfuta, na gaya musu abin da waya ke ji wanda kwamfuta ba ta ji. Ladi ta kwantar da ita, hoto ya juya, ɗaki ya ɗauki salati. Wani dattijo mai farin gemu ya matso ya ce shi masunci ne, in mun isa mu kifar da jirgin nan ya gani. Na taɓa maɓallin da ke kafe hoto, Ladi ta juya wayar har kanta ya koma ƙasa, sai ga kwalekwale a kife, ruwa a samansa. Dattijon ya dafe kai ya ce a yi maza a tsamo mutane. Na saki maɓallin, jirgin ya koma daidai, aka fashe da dariya da tafi. A lokacin na hango Baba a bakin ƙofa, daga kasuwa ya zo ko riga bai sauya ba. Ya taɓa kafaɗar mutumin da ke kusa da shi, ya nuna ni, da ƙarfi yadda kowa zai ji ya ce, "Ɗiyata ce wagga."

Mu aka zaɓa. Aka ɗaure kwamfutar da bargo a kujerar gaba ta motar makaranta, mu muna baya muna waƙa har Argungu. Kakata ta zo da ƙawayenta, ta kalla, ta ce ba ta gane komai ba amma a sake mata. Daga wannan shekara ba a ƙara hana mata shiga ɗakin kwamfuta a makarantarmu ba.

Yanzu aikin haɗa manhajoji nake yi, a rana nakan buɗe irin wannan wayar kwaikwayo sau da yawa, tana tashi kafin in kurɓi shayi, ba na ma kallonta. Su Ladi sun koma Filato bayan mahaifinsu ya yi ritaya, mukan gaisa a waya jefi-jefi, kowa da hidimarsa. Ɗakin kwamfutar nan an mai da shi wurin ajiye karyayyun kujeru. Na yi ayyukan da suka fi wannan girma nesa ba kusa ba, an biya ni, an yaba. Amma har yau babu wanda ya sa ni ihu.