Malam Jibrilla da Motar da Ta Sha Man Gyaɗa

Da hantsi ake ganin Malam Jibrilla a rumfarsa da ke gefen tashar Gazawa. Ya shimfiɗa buhu, ya jera ƙarafan aikinsa daga babba zuwa ƙarami, ya zauna. In an kawo mota ba ya saurin tashi. Sai ya ce a bar injin yana aiki, ya sunkuyar da kai yana saurare, har mai motar ya fara zaton barci ya kwashe makaniken. Bana ya ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don akwai maganar da na daɗe ban faɗa masa ba.

Daminar 1960 ce, watan da aka ce mun sami mulkin kai. Ina malamin lakol, wato makarantar boko, a Gangara, ni ake tarewa a hanya ana tambaya: yanzu wa za a kai wa ƙara? Kumandan, Baturen mulki, ya tafi ne ko yana nan? Ni ma ban sani ba, sai in gyara hula in ce ana nan ana shiri. Cikin wannan ruɗani yayana Hashimu ya sare ƙafarsa da gatari a gona. Aka yi na gida, ƙafa ta kumbura ta fara wari. Ma'aikacin ɗakin magani ya ce in ba a kai shi asibitin Maraɗi cikin mako guda ba, sai yankewa. Manomi ne mai 'ya'ya shida. Ba ya iya zama a kan jaki, manyan motoci kuwa ba sa shigowa sai lokacin cinikin gyaɗa.

Mota ɗaya ce a garin. Wani Bature mai sayen gyaɗa ya ɗora ta kan duwatsu cikin wata rumfa, ya damƙa wa mai gadinsa, Baba Jika, ya tafi. Shekara bakwai ke nan bai dawo ba. Baba Jika ya ce ba ya buɗewa sai da takarda. Takardar wa? Na tambayi jandarman da ya zo kasuwa, ya ce shi ma bai san ko ta gwamnati ce yanzu ko ta mai ita ba. Ƙarshe Lantana, matar Hashimu, ta je ta zauna bakin rumfar ta ƙi tashi, har tsohon ya ji nauyi ya miƙo makulli.

Aka yi aike Gazawa. Jibrilla ya iso a kan raƙumin aro, da batir, da gwangwanin man mota, da na kananzir. Ya buɗe gaban motar, ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya lasa.

"Baba, mi ka zuba mata?"

"Mai mana. Da Baturen zai tahi ya ce min, Jika, kar ka bari ta rasa mai. Kowace kaka ina sa a matso na sabuwar gyaɗa. Duk inda na ga murfi sai in buɗe in ba ta."

"Har wajen ruwa?"

"Ai ban ƙetare ko guda ba. Amana ce."

Jibrilla ya daɗe yana kallonsa. "Wallahi, Baba, na rasa ko in yi maka faɗa ko in gode maka. Man ga ya toshe ta ko'ina, kuma shi ya hana ta tsatsa."

Mu dai jira muke ya kama ƙarfen nan da ake murɗawa a gaba. Bai ko dube shi ba. Ya tsiyaye duk abin da ke cikinta, ya cire buji, wato fulogi, ya ɗura kananzir a ramukan, ya koma gindin bishiya yana liƙin tayoyi kamar babu mai jiransa. Washegari ya ari tukunyar Lantana ya dafa karbireta cikin ruwan toka. Mutane suka kasu: wasu suka ce maganin mota ne, wasu suka ce na Hashimu. Wata tsohuwa har ta zo da ƙoƙo a sam mata don ciwon gwiwa.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Ina jin nishin yayana ta bayan darni, wanda muka kira yana dafa ƙarfe. Na ce masa da raƙumin muka ɗauka da ya fi shi amfani.

Bai ɗaga murya ba. "Malam, in na murɗa ta yau wani abu zai karye ciki, kuma babu irinshi daga nan har Maraɗi. Gwaji guda gare mu. Bari ta jiƙa."

Rana ta uku da safe aka sauke ta daga duwatsu. Ya sa giya, ya sa mutum goma su tura gaba kaɗan, su ja baya kaɗan, kamar masu lallashin jariri, har muka ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Ya mayar da komai, ya zuba mai, ya yi bismilla, ya murɗa. Shiru. Ya sake, ta yi tari. A na uku ta yi wata ƙara, ta feso gidan ɓera da ɓawon gyaɗa ta baya. Awaki suka watse, wasu mutane suka ruga gida suna cewa bindigar bikin mulkin kai ce, gari duk ya ɗauki ƙanshin ƙosai. Baba Jika ya zauna a ƙasa yana kuka.

Rana ta shida cikin makon da aka ba mu muka shiga Maraɗi. Likita ya cire yatsu biyu ya bar ƙafa. Da muka dawo, wasu suka yaba Baba Jika, wasu suka ce albarkar mulkin kai ce, har ni aka yaba. Jibrilla ya mayar da motar kan duwatsunta ya hau raƙumi, ban ko raka shi ba.

Kai ne, Malam Jibrilla, ka yi haƙuri ranar da haƙuri ya yi kama da rashin tausayi. Ka sha zagi daga bakina ba ka rama ba, ba ka kuma yi sauri don ka faranta mini ba. Gwanin kunne, mai sanyin hannu, na gode, kuma ka yafe mini. Ku masu koyon sana'a, ku koyi wannan: in kun san daidai, ku tsaya a kai ko da mai ilimin lakol na yi muku ihu.

Makon jiya na kai Hashimu ya gaida Malam Jibrilla. Idon tsohon ya yi rauni ƙwarai. Na ba shi labarin duka, sai ya ce, "Wace mota ke nan? Sun yi yawa."

 Hashimu ya tuɓe takalmi, ya kama hannun tsohon ya ɗora a kan tabon. Jibrilla ya shafa a hankali, daga idon sawu har gurbin yatsun.

"Wanga gyara ba nawa ba ne," in ji shi. "Amma tana aiki?"

"Da ita na zo, Malam. Daga Gangara, a ƙasa."