Tayoyin Katakon Yaya Hamman

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Hamman, kafintan unguwar Lokuwa a Mubi, amma har yau ban iya wucewa ta ƙofar shagonsa ba tare da na rage tafiya ba.

Kujeru da gadaje ne suke ciyar da gidansa, amma ƙananan motoci ne a ransa. Direban da ke dakon shanu zuwa Kudu zai kawo babbar motarsa, Yaya ya zagaya ta yana awo, bayan 'yan makonni ya miƙa masa irinta sak, wadda ba ta fi kamu ɗaya ba. Wasu da murfin kwalba ko tsohon silifa suke yin taya. Shi kam sai katakon maɗaci. Zai zana da'ira, ya huda tsakiya, sannan ya yanka da zarto. Yana da tsohon keken ɗinki da ya cire wa kai ya ɗaura ƙarfe. A nan yake soka tayar, yana taka feda yana goga ta har ta yi sumul. Zanen jikinta kuwa da waya mai zafi yake ƙona shi, layi bayan layi.

Da ƙafafun Dada, mahaifiyarmu, suka daina ɗaukarta, sai ya yi mata kujera mai tayoyi huɗu, irin na motocinsa amma manya. A kan kujerar nan muka fitar da ita ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi. Babu mota, babu babur, kowa ta kansa yake yi. Ni da shi muka riƙa turawa a cikin jama'a har ƙauyen Duvu, inda taya ɗaya ta bugi dutse ta tsage gida biyu. Wani manomi, Baba Yohanna, ya ba mu ɗaki da kunu.

Da safe Yaya ya duba tayar ya ce, "Sali, wannan ba ta ɗauruwa. Akwai wasu a shago, zan je in ɗauko."

Dada ta ce, "Hamman, ku goya ni mana. Kar ka koma."

Ya ce, "Dada, hanyar da ke gabanmu goyo ba zai kai ba. Kafin azahar ina nan."

Mun jira shi har washegari. Daga ƙarshe Baba Yohanna ya ɗora Dada a jakinsa, muka haura duwatsu. Sai bayan an ƙwato garin wani tsohon maƙwabci ya nuna mana inda suka binne shi, kusa da shagon.

Yau kasuwa ta sake cika, har da motocin roba masu ƙara da fitila. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin zai ɗauki ɗaya ya juya ta, ya murza tayar da yatsa, ya mayar da ita. Abin da zai fi damunsa shi ne shagonsa da ya koma wurin cajin waya, da direbobin da yawancinsu ba su dawo ba.

Kayan aikinsa sun ƙone, hotonsa ma ɗaya muke da shi. Na ɗauka babu abin da ya rage sai suna. Amma a watan jiya wani dattijon direba ya yi sallama da ƙunshi a hammata. Ya ce motarsa an ƙona ta a rikicin, ƙaramar da Yaya ya yi masa ce ta tsira, don tana gidan 'yarsa a Yola. Ba bayarwa ya zo yi ba, so yake Dada ta gani.

Ya ajiye ta a siminti ya tura. Ta tafi shiru, ba tangaɗi, har ta taɓa bango.

Dada ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Malam, don Allah sake turawa."

Allah Ya jiƙan Yaya Hamman.