Kuskure Sha Ɗaya a Littafin Sor Osvaldo

A Porto Alcione, ƙaramin garin masunta da ke kudu da Roma, ba a tambayar yaro ko yana wasan besbol, sai dai a tambaye shi a wane gefen fili yake tsayawa. Osvaldo Mastrantoni bai taɓa tsayawa ko'ina ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu mai horar da yara ya jefa masa ƙwallo sau uku, sau ukun tana samun sa a ƙirji. Mutumin ya zaro fensir daga bayan kunne ya miƙa masa, ya ce, “Ɗana, Allah ya ba ka ido, ya hana ka hannu. Hau sama ka zauna.”

Ya hau ya zauna. Daga baya ya samu aikin sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, ya auri wata tela mai suna Iole, Allah bai ba su haihuwa ba. Amma idan aka tambayi ɗan gari ko wane ne Sor Osvaldo, wato Malam Osvaldo, ba mai ambaton tasha. Shi ne marubucin wasa na babbar ƙungiyar gari, shekara arba'in da ɗaya, a wani ɗan akurkin ɗaki da ke saman rumfar 'yan kallo.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Mai bugu ya bugi ƙwallo, ya ruga ya taka tasha ta ɗaya kafin a jefa ta can. To, wa ya jawo? In bugun ne ya yi kyau, a rubuta wa mai bugu ladansa. In mai tsaro ne ya saki abin da ya kamata ya kama, ko ya yi jifar banza, a rubuta masa kuskure. Doka ta ce a auna da ƙoƙarin da aka saba gani wurin ɗan wasa tsaka-tsaki, ba gwani ba, ba rago ba. Ta kuma ba marubuci kwana ɗaya ya sake tunani, bayan nan abin da ya rubuta ya zauna ke nan. Osvaldo bai taɓa buƙatar wannan kwana ɗayan ba.

Ya rubuta wa ɗan magajin gari kuskure. Ya rubuta wa ƙanen matarsa, Remo, kuskure a wasan ƙarshe na wata shekara da kofi ya suɓuce musu, Remo ya yi shekara tara bai taka gidansu ba. Iole ta riƙa dafa taliya tukunya biyu ranar Lahadi, ta kai ɗaya gidan ƙanenta a ƙafa. Ranar da aka binne ta, Remo ya rungume shi a bakin kabari yana kuka, ya raɗa masa a kunne, “Ƙwallon nan fa tsalle ta yi, Osvaldo.”

Osvaldo, shi ma yana kuka, ya ce, “Ba ta yi ba.”

Tun daga ranar suka shirya, suna zama teburi ɗaya a shagon gahawar wata mata, Sora Nives, da ke ƙarƙashin rumfa.

Shekarar da Osvaldo ya cika saba'in da huɗu ƙungiya ta faɗo rukuni na biyu. Manyan 'yan wasa suka watse, waɗanda ba su watse ba gwiwa ta zaunar da su. Shugaban ƙungiya, Bellardini, wani mai sayar da tayil da kowa ke kira Dottore, wato Likita, ba tare da an san asibitinsa ba, ya tara jama'a ya ce za a sake gini daga tushe, kuma daga yau ba sani ba sabo, abin da littafi ya ce shi za a bi. Aka tafa masa. Osvaldo ma ya tafa, don littafin nasa ne.

Gurbin baƙon ɗan wasa guda ɗaya ya rage musu na baɗi, ramuka kuwa biyu ne. Ba su da mai jifa na kirki, kuma ba su da tabbas a kan mai tsaron tsakani, wato wanda ke tsare faɗin nan da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku, inda ƙwallo ta fi bi. Wurin an ba wani sabon yaro ne gwaji, Loris Frattarola, ɗan shekara sha tara, ɗan gidan masunta. In ya yi, a ɗauko mai jifa daga Benezuwela. In bai yi ba, a ɗauko mai tsaron tsakani, shi kuma ya kama gabansa.

Wannan magana ita ta ci shagon Sora Nives tun daga watan Afrilu.

Remo yakan ce, “Yaron nan hannun man shanu gare shi. Ina Gastone? Shekara guda cur, kuskure huɗu. Huɗu!”

Gastone shi ne wanda ya riƙe wurin shekara goma sha biyu kafin ƙiba ta yi masa ritaya.

Sora Nives ta ce daga bayan kanta, “Gastone turken fitila ne, Remo. Ka taɓa ganin turke ya yi kuskure? Sai dai kare ya yi a jikinsa.”

“Ke ki ji da gahawarki mai kama da ruwan wanki.”

“Shekara talatin kana sha, ba ka mutu ba. Ni ma abin ya dame ni.”

Wani ya ce, “To mai jifa fa? Wanda muke da shi, kakata za ta iya bugun jifarsa, kuma ta rasu tun ina goye.”

Sai a juyo ga Osvaldo. “Sor Osvaldo, nawa ne yanzu?”

Shi kuma ya faɗi lamba kawai. Tara. Sha huɗu. Sha tara. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, ya shanye gahawarsa ya hau sama.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, tunda yake zama a ɗakin nan bai taɓa ganin irin Loris ba. Yaron yakan tashi tun sanda ba ta taɓa ƙwallo ba, kamar an tsegunta masa. Ƙwallon da a zamanin Gastone takan wuce har ta gaji ta tsaya a ciyawa, sai a ga Loris ya riga ta isa, ya tsaya a gabanta yana jira kamar mai jiran bas. Saboda ya isa da sauƙi, sai abin ya zama kamar mai sauƙi. In daga can nesa ya juyo ya yi jifa ta kauce da taki ɗaya, Osvaldo yakan ji haushi, irin haushin da uba ke ji, ya danna fensir ya rubuta kuskure. Yana cewa a ransa, kai da ka isa, me ya hana ka ƙarasa?

A ƙarshen Yuli lamba ta kai ashirin da uku. Daga nan ta tsaya cak. Wata guda da rabi Loris bai ƙara kuskure ko ɗaya ba. A shago aka ce yaro ya natsu. Sai kuma aka fara cewa yaro ya yi nauyi, don ƙwallaye sun koma wucewa ta hagunsa da damansa, shi kuma yana bin su da ido cikin ladabi.

Remo ya ce, “Da yana kamawa yana zubarwa, yanzu ko kamawar ma babu. Da wanne za mu ji?”

An gama wasannin shekara da mako guda, Osvaldo ya baje littafinsa a kan teburin ɗinkin Iole don ya haɗa jimillar da kwamiti ya nema. Shi mutum ne da ba ya manta wasa. Kowane kuskure ya karanta, sai ya ga inda ƙwallon ta bi, da inda yaron ya tashi, da inda ya tarye ta. A na bakwai wata tambaya ta faɗo masa wadda bai taɓa yi wa kansa ba: da Gastone ne, me zan rubuta? Amsar ba ta yi nisa ba. Da Gastone ne, ƙwallon ta wuce, a rubuta wa mai bugu ladansa, kowa ya tafi gida lafiya.

Ya koma farko ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha biyu kuskure ne na gaskiya, irin na ɗan shekara sha tara. Sha ɗaya kuwa ba da ma'aunin doka ya auna su ba, da Loris ya auna Loris. Ya sake bi sau biyu ko za su ragu, suka ƙi. Kwana ɗayan da doka ta ba shi ya wuce tun watanni.

Ranar Asabar da hantsi kwamiti ya zauna a ɗakin ajiyar kayan wasa, mutum biyar, har da Remo. Osvaldo ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya shiga da littafi a hammata, ya ƙi zama. Ya ce musu sha ɗaya daga cikin ashirin da ukun nan kuskurensa ne, ba na yaron ba. Ya karanto ranaku, ya nuna da yatsa a kan teburi inda kowace ƙwallo ta bi. Ya ce su ɗauko mai jifa, su bar Loris a wurinsa, don nan da shekara uku Roma ma sai ta zo kallonsa.

Aka saurare shi da girmamawa har ya gama. Dottore Bellardini ya tashi ya dafa kafaɗarsa.

“Sor Osvaldo, wallahi ka burge ni. Kowa ya san kana son yaron nan. Amma kai ba ka kuskure.”

“Na yi, Dottore. Sau sha ɗaya.”

“Haba dai. Shekara arba'in da ɗaya garin nan yana rantsuwa da fensirinka. In muka ce littafin bana ba daidai ba ne, na bara fa? Na shekarar da muka ci kofi fa?”

Remo ya ɗaga hannu. “In dai gyara ake yi, ni ma ina da wani tsohon ƙorafi.”

Aka yi dariya, dariya mai taushi, irin wadda ake yi wa tsoho in ya fara tausayi. Wani ya kawo masa kujera. Suka yi masa godiya, suka ɗaga hannu a kan a sallami Loris, huɗu da ɗaya. Ɗayan Remo ne, kuma daga baya ya ce hannunsa ne ke ciwo bai iya ɗagawa ba. Aka rubuta wa dillalin 'yan wasa a nemo mai tsaron tsakani.

Osvaldo ya yi kwana shida yana shirin abin da zai faɗa. A na bakwai ya sauka kasuwar kifi da safe. Ya tarar da Loris cikin dogon takalmin roba, yana sauke akwatunan kifin sardin daga kwalekwalen kawunsa. Yaron ya goge hannu a wando kafin ya miƙa masa.

“Sor Osvaldo! Kifi kake so? Bari in zaɓa maka, waɗannan na masu yawon buɗe ido ne.”

“Ba kifi ya kawo ni ba.”

Ya faɗa masa duka, a tsaye, tsakanin ƙanƙara da ƙarnin kifi, ba tare da ya sassauta wa kansa ba. Loris ya saurara yana kallon ƙasa.

“Sha ɗaya?” in ji shi. “Ni tara na ƙirga.”

“Ka sani?”

“A lokacin nakan ce, kai, wannan kam an matsa mini. Sai in ɗaga kai in hango ka can sama.”

“Me ya hana ka hawowa ka yi magana? Wasu har zagina suke yi. Kwana ɗaya gare ni, da na duba.”

Loris ya yi ɗan murmushi. “In zagi wa? Babana ya ce in Sor Osvaldo ya rubuta, to ya ga abin da kai ba ka gani ba. Sai na ce ashe ni ne ban san iyakata ba. Na daina zuwa inda ba a aike ni ba.” Ya ɗaga kafaɗa. “Ka ga kuwa ya yi aiki. Wata ɗaya da rabi, tas.”

Osvaldo ya ce akwai ƙungiyoyi a arewa, zai rubuta musu takarda da hannunsa, zai bayyana komai.

“Za su nemi lamba, Sor Osvaldo. Kuma lambar taka ce, wa zai yi musu da ita?” Ya faɗa ba da gatse ba, har da ɗan alfahari, kamar mai yabon hasumiyar garinsu. “Bar shi kawai. Kawu ya tsufa, yana buƙatar mutum a ruwa.”

Daga cikin kwalekwale kawun ya ƙwala kira, yana tambaya ko kifin nan zai sauke kansa ne. Loris ya ce yana zuwa. Ya naɗe sardin shida a takarda ya cusa wa tsohon a hannu, ya ce a gasa su yau, kada a bari su kwana. Sannan ya juya ya sunkuya ya ɗauki akwati na gaba.