Ɗaurin Asuwakin Kaka

Ni ne na ƙona asuwakin Kaka. Yau na fara faɗa, kuma a takarda, don takarda ba ta riƙe bulala.

A shekarar da manyan motoci suka riƙa wucewa ta Tungan Maje ɗauke da kujerun gwamnati daga Legas zuwa Abuja, wani ma'aikaci ya kama haya kusa da gidanmu. Ɗansa Sande ya ba ni sabon buroshi ja da rabin man goge baki. Daga ranar na zama Bature. A ƙofar gida nake goge baki, kumfa har ƙirji, don duk mai wucewa ya shaida.

Ita Kaka asuwaki ta sani. Tana da ɗauri guda na itacen marke, wanda ta saro a tsohon ƙauyenmu kafin katafila ta share shi a yi titi. Kullum da safe sai ta tauna, ta goge haƙori ɗaya bayan ɗaya, ta kankare harshe, ta kurkure da ruwan gishiri. Na kasuwa kuwa, cewa take yi kara ne.

Wata yamma ruwa ya jiƙa itace, murhu ya ƙi kamawa, ga mu mun zauna jiran tatsuniya har da Sande. Na leƙa ɗakinta, na ga busasshen ɗauri a kan randa. Na ce a raina, ai zamani ya wuce wannan. Wallahi wutar ta ci kamar an zuba kananzir.

Kwana uku tana nema. Ta ƙi taɓa wani. Bayan mako biyu, in ta sunkuyo don ta yi muryar dodo, sai mu ja baya. Ni da na jawo abin, ni ne na toshe hanci don Sande ya yi dariya. Na ce, "Kaka, ɓera ya mutu a bakinki ne?"

Ba ta zage ni ba. Ta ja gefen zaninta ta rufe baki, ta ce, "To mijina, ga wata nan, kama ta da kyau."

Wai wani kada ne yake da ɗan tsuntsu mai sakace masa haƙora in ya gama cin nama. Rannan ɗan kadan ya ga tsuntsun bai dace da gidan manya ba, ya kore shi. Nama ya maƙale, ya ruɓe. Bakin uban ya yi warin da kifi ke ji tun daga hayin kogi su gudu. Yunwa ta kwantar da shi, ɗan kuma yana gefe yana toshe hanci.

Sande ya tambaya, "Mama, tsuntsun ya dawo?"

Ta ce, "Ina zai dawo? An sare bishiyarsa." Ni take kallo.

Washegari na taka har kasuwar Zuba na samo asuwaki, na ajiye mata a kan randa. Ta yi amfani da shi, amma warin bai tafi ba, kumatunta ma ya kumbura. Baba ya kai ta asibitin haƙori a Gwagwalada. Likita ya ce ruɓar ta daɗe a ciki, amma barin gogewar ne ya tayar da ita. Ya ce buroshi ko asuwaki duk ɗaya, muddin ana yi safe da yamma, har da harshe.

Na riƙe rabin farko na maganar likita na shekara biyu, ina kare kaina da shi. Yanzu da na shiga sakandare, rabi na biyu, wato batun barin gogewar, shi ne yake zuwa mini duk lokacin da na matsa man goge baki.

Haƙora biyu aka cire mata. Warin ya tafi. Har yanzu tana ba mu tatsuniya, amma da gefen zani a bakinta, kuma ba ta ƙara yin muryar dodo ba.